Tsabar kuɗi, kati ko TWINT: da wanne za ka riƙa biya idan tafiya ta kai ka Suwizalan?

Duk wanda biza ta fito masa zuwa Suwizalan, ko taro ne a Jeniba, ko karatu a Lozan ko Zurik, ko asibiti, shawara iri biyu yake sha daga wajen 'yan uwa. Wani ya ce maka ka tafi da tsabar kuɗi da yawa don mutanen can ba su yarda da kati ba, kuɗi a hannu suka sani. Wani kuma ya ce haba Turai ce fa, kati ɗaya ya ishe ka ko sisi kar ka riƙe. To duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai na farkon labarinsa ya tsufa, na biyun kuma zai iya barin ka tsaye gaban mai kayan miya kana zare ido ba ka da yadda za ka biya.

Bari mu fara da alƙaluman babban bankin ƙasar, SNB, don su suke bin diddigin abun. A binciken da suka yi a 2017, kashi 70 cikin ɗari na sayayyar yau da kullum da tsabar kuɗi ake yi. Zuwa 2020 da korona ta shigo ya faɗo 43, a 2022 ya koma 36, a 2024 kuma 30. A wannan na 2024 ɗin ne katin cire kuɗi na banki ya wuce gaba da kashi 35, biya ta manhajar waya (irin su TWINT, tasu ta gida) ta kai 18, katin bashi 14. Ka duba fa, shekara bakwai kacal, kuma a ƙasar da aka sani da rashin gaggawar canza ɗabi'a. Amma duk da haka a binciken nasu sama da kashi 90 na mutane sun ce su dai kar a taɓa musu tsabar kuɗi, ko ba sa amfani da ita kullum suna so ta zauna. Har wata ƙungiya ta tattara sa hannun mutum sama da 100,000 ta miƙa a 2023 tana neman a rubuta kariyar tsabar kuɗi cikin kundin tsarin mulki. Wato sun koma waya da kati amma ba su yarda a rufe tsohuwar ƙofa ba.

To ita tsabar kuɗin me ke gare ta. Kuɗinsu faran ne, ba yuro ba, wannan a fara riƙe shi don mutane da yawa suna ɗauka tunda Turai ce yuro ne. Takardun su ne 10, 20, 50, 100, 200 da 1000, silalla kuma daga santim 5 (santim 100 ne faran ɗaya) har faran 5, kuma silallan nan ba na wasa ba ne, faran 5 ɗin nan kofi ɗaya ce a wurare da yawa, kar ka zube su a ɗakin otal ka ce ai canji ne. Idan da tsaba za ka biya ana daidaita kuɗin zuwa santim 5 mafi kusa don babu ƙasa da haka. Ita kuwa takardar 1000, mai launin shunayya, har yanzu tana yawo alhali ƙasashen yuro tun 2019 suka daina buga ta 500, kuma a manyan kantuna za ka iya miƙa 200 a sayen burodi da madara a ba ka canji ba wanda zai kalle ka sau biyu. Amma 1000 kam kar ka kai wa ƙaramin shago ko mai tasi, wahalar da kai da su za ka yi.

Inda nake so a buɗe ido shi ne wajen 'yan canji kafin a taso daga gida. Takardun da ake amfani da su yanzu an fitar da su ne tsakanin 2016 da 2019, su kuma tsofaffin an janye su ranar 30 ga Afrilu 2021, ba kantin da zai karɓa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: tsofaffin suna da hoton fuskar mutum, sababbin babu fuskar kowa, hoton hannu ne da ƙwallon duniya. Idan an riga an haɗa ka da tsofaffi ba asara ba ce, babban bankin yana canzawa ba tare da wa'adi ba, a ofisoshinsa na Bern da Zurik da wasu bankunan jihohi da ke wakiltarsa, to amma wanda ya zo taron kwana huɗu ina ya ga lokacin neman banki. Yuro kuma manyan kantuna irin su Migros da Coop da tashoshin jirgin ƙasa sukan karɓa, sai dai canjinka da faran za a ba ka kuma farashin da za su lissafa maka ba mai daɗi ba ne, saboda haka 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da yuro ya fi musu sauƙin samu (tunda sefa a ɗaure take da shi) gara su canza sau ɗaya su huta da a riƙa yankar su kaɗan-kaɗan a kowane kanti. Sannan in kana ɗauke da abin da ya kai faran 10,000 kwastan na iya tsare ka da tambayar daga ina, na waye, me za a yi da su, in kuma ta Faransa ko Jamus ka biyo, can dole ne ma ka bayyana da kanka daga yuro 10,000.

Wani abu da mutane ba su sani ba, doka ta ce faran kuɗin ƙasa ne a karɓa, amma mai shago na iya manna sanarwa a ƙofa cewa shi kati kawai yake karɓa kuma ya zauna lafiya. A birane ana samun irin waɗannan, shagunan kofi na matasa da wuraren bukukuwa musamman. Don haka mai cewa tsaba kawai zai riƙe shi ma wata rana zai ci karo da bango.

Katin cire kuɗi kuwa shi ne jakin aikin, ba ya ado amma shi ke ɗaukar kaya. Kanti, gidan abinci, kantin magani, injin sayar da tikiti, gidan mai, ko'ina ka ɗora kati a kan na'ura ta yi ƙara shikenan, kuma tun Afrilu 2020 aka ɗaga iyakar biya ba tare da danna lambar sirri ba daga faran 40 zuwa 80. In ka saka katin cikin Apple Pay ko Google Pay to wayar ce za ta tantance ka da fuska ko yatsa. Da can katin Maestro bankunansu suke bayarwa wanda ba ya sayayya a intanet, yanzu an maye gurbinsa da Debit Mastercard da Visa Debit waɗanda suke yi, wannan ma ya rage wa mutane buƙatar katin bashi sosai.

Ga baƙo, matsalar ba daga Suwizalan take ba, daga bankinka na gida take. 'Yan Najeriya sun san yadda aka yi a 2022 bankuna suka rufe amfani da katin naira a waje, aka dawo da shi a wasu bankunan a 2025 amma da iyaka, to kar ka hau jirgi kana zaton zai yi, je ka tambaya nawa ne iyakarka kuma nawa suke caji, in kana da akawun ɗin dala ka karɓi katinsa ya zama shi ne babba, na nairan ya zama na ko-ta-kwana. Kuma don Allah ga wani tarko da ke cin mutane kullum: na'urar biya ko injin cire kuɗi (Bancomat suke rubutawa a jiki, na gidan waya kuma Postomat) in ta gane katin waje ne sai ta tambaye ka da faran za ka biya ko da kuɗin katinka, dala ko yuro. Sai mutum ya ga dala ya ji daɗi ya danna don ita ya fi ganewa. A'a. Zaɓi faran kullum, bari bankinka ya yi canjin, don farashin da na'urar ke bayarwa yawanci ya fi tsada kuma ba za ka gane ba sai alat ya shigo.

Yanzu mu zo kan TWINT, don shi ne ainihin abin da ya canza ƙasar. Manhaja ce ta waya ta 'yan ƙasa, PostFinance, wato bankin gidan waya, ne ya fara ta, bankin UBS da bankin jihar Zurik da kamfanin SIX suna da tasu mai suna Paymit, a 2016 suka ga Apple Pay na shigowa suka ce gara mu haɗe, a 2017 aka fito da haɗaɗɗiyar. Yau sama da mutum miliyan 5 ke amfani da ita a ƙasar da duka-duka mutanenta wajen miliyan 9 ne, kuma a 2024 kaɗai an yi biya sau miliyan 773 da ita. Yadda take aiki ba wuya, an ɗaure ta da akawun ɗinka na banki da lambar wayarka, in za ka tura wa mutum kuɗi ba sai ka nemi lambar akawun ba, sunansa kawai za ka zaɓa cikin lambobin wayarka ka rubuta adadi, nan take ya shiga kuma tsakanin mutum da mutum ba caji. In shago ne ka haska lambar QR da kyamara.

Ka je ƙauye a jihar Bern ko Firibur ka gani. A bakin hanya za ka tarar da ɗan ɗakin katako ko firij a ƙofar gona, ƙwai a kwali, cuku, zuma, dankali, tufa, kowanne an rubuta farashinsa da alƙalami, ba mai tsaro ba kowa, sai wata 'yar gwangwani mai tsaga da ake jefa kuɗi. Haka suke yi tun da daɗewa. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne wata takarda da aka manna kusa da gwangwanin mai ɗauke da lambar QR, mutum ya tsaya da kekensa ya ɗauki ƙwai shida ya haska ya rubuta kuɗin da kansa ya wuce. Manomin ba ya buƙatar sayen na'urar kati ko biyan hayarta duk wata, kashi 1.3 cikin ɗari ake cira a cinikin shikenan. Shi ya sa abun ya bazu a irin wuraren da kati bai taɓa shiga ba, kasuwar mako, mai sayar da kayan hannu, kuɗin ajiye mota, ƙungiyar ƙwallon unguwa, tara gudunmawa, raba kuɗin abinci tsakanin abokan aiki. Manyan 'yan kasuwa dai suna ta ƙorafin cajin ya yi musu yawa in an kwatanta da katin cire kuɗi, wannan rigimarsu ce, kai mai saye farashi ɗaya za ka biya.

To ga inda gizo ke saƙar. TWINT na 'yan gida ne. Yawanci yana buƙatar lambar wayar Suwizalan da akawun a bankin Suwizalan, ba za ka sauke shi da layin MTN ko Airtel ka ɗaura masa katin gida ba, ko mutumin da ya zo daga Ingila ko Amurka ma haka yake kallon sa daga nesa. Kuma wuraren da ya fi ƙarfi su ne daidai wuraren da ba na'urar kati. Ma'ana a ƙofar gonar can ɗan ƙasa zai haska waya, kai kuma Visa ɗinka ko dala dubu nawa ke ciki ba ta da amfani, gwangwanin nan ne naka, kuma gwangwani ba ya ba da canji. Shi ya sa nake cewa yau baƙo ya fi ɗan ƙasa buƙatar tsabar kuɗi a Suwizalan, kuma ƙanana, 10 da 20 da silalla, ba 200 ba. Ko keken zuba kaya a babban kanti sai ka saka masa faran 1 ko 2 kafin ya saku, ka karɓi abinka in ka mayar.

Shi ma TWINT ɗin ba waliyyi ba ne. Da ka tsallaka iyaka zuwa Faransa, wanda a Jeniba tafiyar minti kaɗan ce kuma mutane da yawa can suke cefane don ya fi araha, ya zama kusan hoto. Yana son netwok da caji a waya, a kan dutse cikin sanyi kuwa batir ba ya daɗewa. A layin kanti ya ɗan fi kati ɓata lokaci, ka buɗe waya ka buɗe manhaja ka haska ka tabbatar, alhali kati ɗorawa ɗaya ce. In ka tura wa lambar da ba ita ba kuɗin sun riga sun tafi, sai dai ka roƙi mai lambar. 'Yan damfara ma sun shigo, musamman a wajen sayar da kayan hannu a intanet, mutum ya ce zai sayi kujerarka ya turo maka wani link wai ka danna ka karɓi kuɗinka, karɓar kuɗi a TWINT ba ta buƙatar ka danna komai ko ka ba wani lamba, duk wanda ya ce ka yi haka ɓarawo ne.

Katin bashi ba zan daɗe a kansa ba. Amfaninsa na gaske otal ne da hayar mota, inda suke riƙe wani adadi a matsayin jingina, a katin cire kuɗi wannan riƙon kuɗinka ne na hannu ake daskarewa har kwanaki bayan ka tafi. Migros da Coop suna da nasu marasa kuɗin shekara ga mazauna. Amma wanda yake gudun riba ya sani, in bai biya bil ɗin gaba ɗaya a ƙarshen wata ba kuɗin ruwa ne zai hau kai kuma mai nauyi, wasu malamai ma sharaɗin da ke cikin yarjejeniyar kaɗai ya ishe su su hana, to kowa ya tambayi malaminsa. Tunda katin cire kuɗi na yanzu yana sayayya a intanet, ɗalibi zai iya shekara bai taɓa buƙatarsa ba.

Akwai kuma hanya ta biyar da masu zuwa zama suke raina wa har sai ta cije su, wato bil. Mutanen nan suna son takarda a akwatin wasiƙa. Kuɗin haya, inshorar lafiya wadda dole ce ga duk mazaunin ƙasar, likita, waya, har kuɗin rediyo da talabijin da kowane gida ke biya faran 335 a shekara ko kana kallo ko ba ka kallo, duka bil ake turowa, yawanci da wa'adin kwana 30. A da wasu takardu ne ja da ruwan lemo, an daina su ƙarshen Satumba 2022, yanzu kowane bil yana da lambar QR mai ɗan gicciyen tutar ƙasar a tsakiya, ka haska da manhajar bankinka komai ya cike kansa. Za ka iya kai tsaba gidan waya ka biya kamar yadda tsofaffinsu suke yi farkon wata, sai dai akwai caji a kan haka kuma kamfanoni da yawa kai suke ɗora wa. Abin tsoron shi ne sakaci, in ka bar bil ya wuce za a turo tunatarwa da tara, in ka ƙara shiru a kai ka ofishin karɓar bashi sunanka ya shiga rajista, kuma takardar wannan rajistar ce masu gidaje suke fara nema in kana neman haya. Bil ɗin faran 60 da ka manta zai iya hana ka ɗaki a garin da dama ɗaki ke wuya. Taransifa ta nan take tsakanin bankuna kuwa sai Agusta 2024 aka wajabta wa manyan bankunansu karɓarta, abin da mu a Najeriya muka daɗe da sabawa da shi, wani banki ma sai ya caje ka in ka zaɓe ta, shi ya sa ba wanda ya bar TWINT dominta.

To wa zai ɗauki me. In kwana kaɗan za ka yi, taro ko ziyara, ni a ganina kati biyu daga banki daban-daban, ɗaya a waya ɗaya a aljihu, da tsabar da ba ta wuce faran 100 zuwa 200 ba a ƙananan takardu, ka manta da TWINT gaba ɗaya kar ka ɓata daren farko kana ƙoƙarin saukewa. In abokan tafiya 'yan ƙasa sun biya abinci suka ce kowa ya turo rabonsa, ka miƙa tsaba ba abin kunya ba ne. Tikitin jirgin ƙasa ka saye shi a manhajar SBB, kamfanin jirgin ƙasarsu, da katinka tun kafin ka shiga, don a cikin jirgi ba a sayarwa kamar yadda kake zato, tara ce, kuma a Jeniba in a otal ka sauka tambaye su katin shiga bas da tarago kyauta da ake ba baƙi. Kuɗin hidima yana cikin farashin abinci, abin da suke yi kawai su cike adadin, 47 ta zama 50, kuma in da kati ne sai ka faɗi adadin kafin ma'aikacin ya danna.

In kuwa zama ne, wata shida zuwa sama, lissafin ya juya. Da ka samu katin izinin zama da adireshi, layin waya na ƙasar ne farko sannan akawun, kuma kafin ka zaɓi banki tambayi abu uku: yana da manhajar TWINT tasa (kowane babban banki da tasa, UBS daban, Raiffeisen daban, PostFinance daban), nawa ne kuɗin riƙe akawun a wata, nawa kuma yake caji in ka yi amfani da katin a ƙasashen yuro. Ɗalibai da matasa yawanci ana yafe musu kuɗin wata, akwai kuma bankunan waya irin su Neon da Yuh masu sauƙin caji. Na ukun nan ne mutane suke mantawa su tambaya, alhali wanda ke zaune Jeniba ko Basel sau da yawa a ƙetaren iyaka yake cefane, kuma a can TWINT ba zai taimake shi ba, katin ne zai yi ta aiki yana cin caji a kowane rasit.